Have da Has: Waiwaye kan Darasin da Ya Ƙi Ƙarewa

Akwai darussan Turanci da ake yi sau ɗaya a wuce wurin. Jam'in suna, yadda ake tambaya da "do", yadda ake kwatanta babba da wanda ya fi shi: yaro ya kama su a ƙaramar sakandare, an gama. Amma akwai darasi guda da ke bin mutum har furfura, wato haɗa "have" ko "has" da siga ta uku ta aikatau, abin da muke kira firezin fafet a aji, ko fafet a taƙaice. A koyar da shi a ajin farko na sakandare, a maimaita gab da jarrabawar WAEC, a sake tono shi a kwas ɗin Turanci na 'yan shekarar farko a jami'a. Sannan wata rana likita ko lakcara mai digiri uku ya zo ajin yamma yana shirin jarrabawar IELTS, ka duba rubutunsa ka tarar a nan ɗin dai yake tuntuɓe. Ba ƙirar ce ke ba shi wahala ba, don ya san "gone" da "written" tun kafin gemu ya fito masa. Abin da ba a taɓa zaunar da shi aka nuna masa ba shi ne dalilin da ke sa mai harshen ya ɗauki wannan siga ya bar waccan, alhali duka biyun nahawu ya yarda da su.

Mu da muka yi makaranta a shekarun 1970, da tebur aka koya mana. Malam zai zana gidaje huɗu a allo: na farko wakilin suna, na biyu "have" da "has", na uku aikatau, na huɗu cikon jimla. Ya nuna da sanda, aji ya amsa baki ɗaya, ya sauya gida, a sake amsawa, har a kaɗa ƙararrawa. Wannan dabara ba malamanmu ne suka ƙago ta ba. Harold Palmer ya buga irin waɗannan tebura tun 1916, daga baya ya tafi Japan ya ci gaba da aikin, kuma a can A. S. Hornby ya gaje shi, mai ƙamus ɗin nan na Oxford da ya fito a 1948 wanda kusan babu ɗakin malamai da ba shi. A gefen teburin akwai littattafan da duk ɗan sakandaren wancan zamani ya sani: Brighter Grammar, Common Mistakes in English na Fitikides, da Practical English na Ogundipe da Tregidgo. Doka kuwa ɗaya ce, a haddace take. In ka ga "since", "for", "already", "yet", "just", "ever" ko "never", sa fafet. In ka ga "yesterday", "ago" ko "last year", kada ka kuskura.

Hausa ba ta da wurin zama a wannan aji. Wanda aka ji yana yin ta a harabar makaranta, monita ya rubuta sunansa, ko tara ko yankan ciyawa. Tunanin da ke bayan haka shi ne wai harshe ɗabi'a ce da ake dasawa da maimaici, harshen uwa kuma tsohuwar ɗabi'a ce mai hana sabuwa kamawa. Abin dariyar shi ne littafin da aka fi jingina wannan ra'ayi da shi, Linguistics Across Cultures na Robert Lado na 1957, kira ya yi da a ajiye harsunan biyu kusa da kusa a kwatanta su don a gane inda ɗalibi zai sha wuya. Rabin maganar ne ya iso mana: Hausa ce ke jawo kuskure. Ɗaya rabin, na a duba ta a gani, ya maƙale a hanya.

Ba zan zagi teburin ba. Duk wanda ya sha shi ba za ka taɓa jin ya ce "I have went" ba, ko daga barci ka tashe shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan ka saurari waɗanda suka zo daga baya. Matsalarsa tana bayyana ne ranar da ɗalibi ya girma ya fita daga littafin aji. Ɗauki kowace jarida ta Turanci ka ƙirga jimlolin fafet: mafi yawansu babu "since" babu "yet", babu wata alama da za ta ce maka ga abin da za ka sa. Mutum ya ce "I have lost my key", wani ya ce "I lost my key". Babu wanda ya yi kuskure. Na farko yana tsaye ne a bakin ƙofa ba ya iya shiga, kuma yana so ka san haka. Na biyu labari yake bayarwa, wataƙila ma makullin yana aljihunsa yanzu. Jarrabawar zaɓi daga A zuwa D ba ta iya tambayar irin wannan, domin tana bukatar amsa ɗaya tilo, don haka sai ta ci gaba da tambayar "since" da "for". Abin da jarrabawa ba ta tambaya kuwa, malami ba ya ɓata alli a kansa.

Ta'arifin da aka ba mu ma guntu ne. An ce fafet na aikin da bai daɗe da faruwa ba ne. To, ɗan Adam ya fara taka wata a 1969, kuma rabon da wani ya sake taka shi tun Disamban 1972, amma har gobe "Man has walked on the moon" ake cewa. An ce na aikin da ya fara a baya yake ci har yanzu ne. To, wanda ya karye a ƙafa ya ce "I have broken my leg", ai ba ci gaba da karya ta yake yi ba.

A can Turai, a daidai lokacin da muke rera tebur, masana sun riga sun juya. Geoffrey Leech ya fitar da Meaning and the English Verb a 1971, Bernard Comrie ya fitar da Aspect a 1976, inda ya rarrabe ayyuka huɗu da fafet ke yi: nuna sakamakon da ke nan har yanzu, nuna abin da mutum ya taɓa yi a rayuwa, nuna halin da ya ɗore zuwa yau, da ba da sabon labari. A fagen koyarwa kuma aka shiga yayin cewa harshe don sadarwa ake koyonsa, musamman bayan littafin Henry Widdowson na 1978. Wannan iska ta iso mana a makare, kuma ta iske azuzuwa sun cika maƙil bayan shirin UPE na 1976. A taron bita sai a ce wa malami ya raba yara biyu-biyu su tambayi juna ƙasashen da suka taɓa zuwa, alhali ɗakin ko hanyar wucewa babu, kuma yawancin yaran ba su taɓa wuce hedikwatar ƙaramar hukumarsu ba. Wasu malaman da suka ji an ce a rage nahawu, sai suka ɗauka hutu aka ba su. Abin da ya ceci masu himma shi ne littattafai biyu: Practical English Usage na Michael Swan na 1980, da shuɗin littafin Raymond Murphy, English Grammar in Use, na 1985, wanda shafin hagu bayani ne, na dama aiki. Murphy ya ware wa fafet babi bayan babi, kuma shi ne na farko a hannun yawancinmu da ya ajiye jimloli biyu masu kyau ya ce bambancinsu a niyyar mai magana yake.

Sai dai littattafan nan an rubuta su ne don duniya baki ɗaya, ɗan Koriya da ɗan Brazil da Bahaushe duk ɗaya. Canjin da ya fi yi mini amfani a aji ba daga Landan ya zo ba, daga sashen Hausa ya zo, daga littafin nahawun M. K. M. Galadanci na 1976 da irin darussan da ake ba ɗaliban Hausa kan lamirin lokaci. In ka ɗora ayyukan nan na Comrie a kan Hausa, sai ka ga babu ɗaya da ya zama baƙo. Muna da "taɓa": na taɓa zuwa Agadas, ban taɓa hawa jirgi ba. Muna da "riga" da "tukuna": na riga na biya, bai iso ba tukuna. Muna da "yanzun nan ya fita". Abin da Turanci ya tara a siga ɗaya, mu mun rarraba shi ne a kalmomi daban-daban. Wuri ɗaya ne tak hanya ta rabu sosai, shi ne halin da ya ɗore. Bahaushe cewa yake "tun safe nake jiranka", da lokaci mai ci, domin a wurinsa jiran yana gudana ne. Daga nan "I am waiting since morning" ta fito, kuma ba ta fita daga bakin mutum da bulala. Tana fita ne ranar da aka nuna masa cewa Hausarsa daidai take, Turanci ne ya zaɓi ya tsaya a yanzu ya waiwaya ya auna tsawon jiran.

Ɗaliban da suka zo daga Nijar, na Maraɗi ko Damagaram, nasu tuntuɓen daban ne. Sun yi boko da Faransanci, inda sigar da ta yi kama da fafet ta daɗe da zama hanyar ba da labarin jiya a magana ta yau da kullum. Saboda haka "I have seen him yesterday" ba ta yi musu nauyi a baki ko kaɗan. Kuma gaskiya suna da hujja: Faransanci ya yarda, Jamusanci ya yarda, Turanci ne ya ƙi. Har masani Wolfgang Klein ya rubuta maƙala sukutum a 1992 kan wannan ƙiyawa, yana kiran ta abin ɗaure kai. Idan na gaya wa ɗalibi haka, sai in ga kafaɗarsa ta sauka, don ya gane ba daƙiƙanci ne ke damunsa ba.

Inda na fi daɗewa da manyan ɗalibai shi ne kan "sun" da "suka". A ajin Hausa ana kiransu shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Saurari labaran rediyo: "Alhazan jihar sun dawo gida. Jirginsu ya sauka da asuba, jami'ai suka tarbe su, aka duba takardunsu, suka wuce sansani." Jimlar farko sanarwa ce, tana gaya maka halin da ake ciki yanzu: mutanen suna gida. Da zarar an buɗe labarin, sai "suka" ta karɓa, tana jero abubuwa ɗaya bayan ɗaya a can inda suka faru. Babu Bahaushen da aka koya wa wannan a makaranta, kuma babu wanda zai kuskure shi. To, buɗe labarin BBC ko na Reuters da Turanci. Jimlar farko "The pilgrims have returned" ce, ta biyu kuma "Their plane landed at dawn", daga nan har ƙasa shuɗaɗɗe ne zalla. Tafiyar iri ɗaya ce: fafet ya buɗe ƙofa, shuɗaɗɗe ya shiga da kaya. Haka abin yake a hira. Wani ya ce maka ya taɓa zuwa Makka, kai kuma ka ce "Yaushe kuka je?", ba "yaushe kun je" ba. Bature ma "When did you go?" zai ce, domin da ka tambayi lokaci ka riga ka koma can. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000, sunan da ya ba jerin "muka, kuka, suka" shi ne wanda ake ba shuɗaɗɗen ba da labari a nahawun harsunan Turai, kuma ba a banza ya yi haka ba.

Dole malami ya yi hattara a nan, don kamanceceniyar ba ta kai ko'ina ba. "Sun zo jiya" Hausa ce tsantsa, amma Turancinta ba ya ɗaukar "have". A korewa kuma bambancin ɓacewa yake gaba ɗaya: "ba su zo ba" ita ce ta wanda ake jira har yanzu, ita ce kuma ta wanda bai halarci taron bara ba, shi ya sa ɗalibanmu suka fi rikicewa tsakanin "they haven't come" da "they didn't come". Sannan a rubutun Hausa na yau da kullum "ya" mai dogon wasali da "ya" mai gajere kamanninsu ɗaya, don haka da jam'i nake misali a allo. Sakkwatawa sun fi mu sauƙi a nan, su da ke cewa "yaz zo" da "sunka zo", kunne ma ya ishe su.

Akwai abin da fafet ke faɗa wanda ba a rubuta shi a jimla ba, kuma nan ne babban ɗalibi ke jin daɗin darasin. Kafin watan Maris na 2013, daidai ne a ce "Achebe has written five novels". Daga ranar da ya rasu, sai dai "wrote". Littattafan ba su ragu ba, ba su ƙaru ba; abin da ya rufe shi ne damar ƙara na shida. Mu "marigayi" muke sawa gaban suna, mu bi da "Allah ya jiƙansa", aikatau kuwa ba ya motsi: Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, haka aka faɗa yana raye, haka ake faɗa tun bayan 1981. A Turanci aikatau ne ke ɗauke da wannan nauyi. Wanda ya rubuta wa abokin aiki cewa mahaifinsa "was a good man" alhali tsohon yana kwance a asibiti, ya yi ta'aziyya tun ba a yi rasuwa ba. Haka mai neman aiki da ya rubuta "I worked there for six years" ya gaya wa masu ɗauka cewa ya bar wurin, ko da kuwa daga ofishin ya aiko takardar.

Masu rubuta kundin digiri na biyu da na uku su ma a nan ake gane gwaninsu. A babin bitar ayyukan magabata, idan ka ambaci mutum ɗaya da shekarar aikinsa ka ce "found", ka ajiye shi a tarihi. Idan ka ce "studies have shown", kana nufin magana ce da ke tsaye har yau kuma kana tare da ita. John Swales ya yi bayanin irin wannan zaɓi a Genre Analysis na 1990. Ɗalibin da ya cika babin nan da "has" daga farko har ƙarshe, don yana jin ta fi kama da Turancin manya, bai san yana sa hannu ne a kan duk abin da kowa ya taɓa faɗa ba.

Ɗan'uwan fafet mai ci, wato "have been" da aikatau mai "-ing", a da a mako guda ake gama shi, da misalin ruwan sama da ke zuba tun safe. Amma a bakin masu harshen ya fi haka wayo. Wata ɗalibar digiri na uku ta taɓa nuna mini saƙon mai duba aikinta cikin murna.

"Malam, ka ga ya ce ya karanta."

"Hajiya, sake dubawa. Me ya rubuta?"

Abin da ya rubuta shi ne "I have been reading your chapter". Yana kan karantawa, ko ya fara ya ajiye, amma bai ce ya gama ba, kuma ya zaɓi sigar ne don kada a kama shi da alkawari. Hausa na da wannan a "yi ta": na yi ta bugo maka waya, na yi ta nemanka. Akwai ƙorafi a ciki, akwai nuna wahala, kuma "I have been calling you" ma haka take ɗauke da su.

Canji na ƙarshe shi ne wanda ya taɓa kujerar malami kanta. A da abin da littafi ya ce shi ne Turanci. Sai kwamfuta ta ba da damar tara maganar mutane a ƙirga. Rumbun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100 ya kammala a 1994, nahawun Longman da Douglas Biber da abokansa suka gina a kan irin wannan ƙirga ya fito a 1999, rumbun COCA na Turancin Amurka ya hau intanet a 2008. Suka tabbatar da abin da kunne ya daɗe yana ji a fina-finai: Amurkawa ba sa amfani da fafet kamar Turawan Ingila, kuma "Did you eat yet?" da "I just saw him" Turanci ne lafiyayye a wurinsu, su kuwa waɗannan jimloli su ne ake ja wa jan biro a zamaninmu. A ɗaya gefen, yaran da ke cika gidajen kallon ƙwallo suna jin 'yan wasan Firimiya bayan an tashi suna ba da labarin ƙwallon da suka ci da fafet tun daga farko har ƙarshe, abin da littafi ya ce ba a yi. A gida kuma David Jowitt ya rubuta Nigerian English Usage a 1991, ya ɗauki Turancinmu a matsayin abin nazari maimakon tarin kurakurai, ga kuma Burokan da "don" ɗinsa na "I don chop", wanda ke yin aikin fafet ba tare da wahalar siga ta uku ba.

Yau idan na ce ba a faɗin abu kaza, kafin in juyo daga allo wani ya zaro waya ya samo wanda ya faɗa. Wasu abokan aikina na ganin wannan raini ne. Ni ina ganin ya tilasta mana faɗin gaskiyar da a da muke tsallakewa: wane ne ke faɗin haka, a ina, ga wa, kuma wanda zai duba takardarka wane Turanci yake sa ran gani. Manhajojin gyaran rubutu sun ɗauke mana rabin tsohon aikin, suna kama "have went" da "have seen yesterday" nan take. Amma ba su san ko ka bar wurin aikin ko kana nan ba, ba su san ko tsohon yana da rai ba.

Saboda haka ajin manya ya sauya kama. Nakan ɗauko labarin jaridar ranar, in goge duk aikatan, in raba su uku-uku su mayar, da sharaɗin duk wanda ya zaɓi siga ya faɗi dalili, da Turanci ko da Hausa, duk wanda ya fi masa sauƙi. Gardama takan yi zafi a jimla ta biyu ko ta uku, daidai inda sanarwa ke komawa labari. Daga ƙarshe mu buɗe asalin rubutun. Sau da yawa zaɓin ɗan jaridar da na ɗalibin sukan sha bamban kuma duka biyun su zauna, sai mu koma tambayar abin da kowannensu ya sa mai karatu ya ɗauka. Wanda zai zauna jarrabawa a watan gobe kuwa, nakan ware masa rabin sa'a a ƙarshe, mu koma kan "since" da "for" da jerin siga ta uku, domin takardar tambayoyin ba ta canza ba.